Awa Ukun Innar Asabar

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ba ta gajiya da tambaya. Idan ta ga tururuwa sun yi layi, sai ta tambayi wanda ya jera su. Idan ruwa ya tafasa, sai ta tambayi inda tururin ya tafi. Shi ya sa a gida da makaranta kowa yake kiranta Don-Me.

Su uku ne a gidansu. Da ita, da ƙaninta Auta, da babansu mai gyaran firji. Mamansu ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Tun daga lokacin gidan ya fara canza kama. Ƙura ta hau kan talabijin. Ƙasan banɗaki ya yi santsi. Baba yakan yi shara kafin ya fita, amma tsakiyar ɗaki kawai tsintsiyarsa ta sani.

Wata rana ya zaunar da su a falo.

Ya ce, "Na samo wata baiwar Allah da za ta riƙa tsabtace mana gida. Sau ɗaya a mako, ranar Asabar, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu."

Don-Me ta ce, "Don me sau ɗaya?"

"Don aljihuna."

"Don me awa uku?"

"Da awa ake biyanta. Na auna, na sake aunawa. Kuɗin awa uku kawai nake iya fitarwa a mako. Ko minti goma ba zan iya ƙarawa ba. Amma akwai sharaɗi. Kowace Juma'a da yamma, kowa ya kintsa kayansa. Kada a bar komai a ƙasa."

Don-Me ta zaro ido.

"Baba, don me za mu gyara gida, alhali mai gyara za ta zo?"

Baba ya buɗe baki zai amsa, sai wayarsa ta yi ƙara. Firjin wani mai sayar da kifi ne ya lalace. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa yana cewa, "Ki dai yi abin da na ce. Zan yi miki bayani."

Bai yi ba. Ya manta.

Ranar Asabar matar ta zo, tara saura minti biyar. Gajeriya ce, mai saurin tafiya. Auta ne ya sa mata suna Innar Asabar, sunan kuwa ya bi ta. Ta zo da bokiti da burushi, da tsummoki kala uku. Tana da wani tsohon agogon hannu da ya rasa maɗaurinsa, tana ajiye shi a aljihun rigarta.

Don-Me ta bi ta ɗaki-ɗaki.

"Inna, don me tsumma uku?"

"Ja na banɗaki, shuɗi na kicin, fari na tebur da madubi. Ko kina so in goge miki faranti da na banɗaki?"

"A'a! To don me kike fara kakkaɓe sama kafin ƙasa?"

"Kin taɓa ganin ƙura ta faɗa sama? Matsa min, 'yar nan, kin taka min tsintsiya."

Sha biyu daidai Inna ta wanke hannu. Gida ya yi fes, yana ƙamshin sabulu. Baba ya miƙa mata kuɗinta, ta fita da sauri. Akwai wata tsohuwa da take yi wa aiki a wata unguwa da ƙarfe ɗaya saura kwata, kuma sai ta hau mota biyu kafin ta isa.

Haka aka yi makonni huɗu lafiya lau. Yara suna kintsawa ranar Juma'a, Inna tana zuwa ranar Asabar. Amma tambayar nan tana nan a kan Don-Me, tana yi mata ƙaiƙayi.

Wata Laraba, malamar kimiyya ta kawo gwangwani biyu aji. A cikin kowanne an shuka wake. Ɗaya ya yi kore shar, ɗayan ya langwaɓe.

Malama ta ce, "Wannan na ba shi ruwa, wannan na hana shi. Idan kuna son sanin amfanin abu, ku cire shi, ku ga abin da zai faru. Shi ake kira gwaji."

Don-Me ta ji kamar an kunna mata fitila a ka.

Ranar Juma'a da yamma Auta ya fara tattara motocin wasansa. Ta riƙe masa hannu.

"Bar su."

"Yaya, Baba fa ya ce..."

"Gwaji muke yi. Kai ba ka san kimiyya ba."

Auta bai san kimiyya ba, amma ya san hutu. Ya watsar da motocin ya fita wasa. Baba kuwa a gajiye ya dawo, bai leƙa ɗakinsu ba. Da sassafe kuma ya fita aiki, ya bar kuɗin Inna a kan firji.

Inna ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa. Takalma a kan kujera. Littattafai a ƙarƙashin gado. Kofi a kan taga, safa a cikin kofin. Ta dubi Don-Me. Ta sunkuya ta fara tsincewa.

Don-Me ta zauna da littafinta da biro, tana kallon agogon bango tana rubutawa. Ranar sai sha biyu da minti ashirin Inna ta gama. Ta fita har tana tuntuɓe da bokiti.

Don-Me ta rubuta: An ƙara minti ashirin. Sai a sake, a tabbatar.

Mako na biyu abin ya fi na farko. Auta ya riga ya ji daɗin kimiyya. Har akwatin kayansa ya zazzage a tsakar ɗaki. Ya yanyanka takardu da almakashi, ya bar su nan.

A wannan Asabar ɗin Baba ya dawo da wuri, sha biyu saura kaɗan. Ya tarar falo da ɗakuna sun yi tsaf. Amma kicin rabi aka goge, banɗaki kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Inna tana ɗaure jakarta, gumi yana zubo mata.

Baba ya ce, "Inna, lafiya kuwa? Da can awa uku tana isa har da banɗaki."

Inna ta goge fuska da gefen mayafinta.

"Maigida, gara in faɗa maka gaskiya. Aikin gidan nan ya fi ƙarfin awa uku yanzu. Makon jiya na makara gidan tsohuwa. 'Yarta ta yanke min kuɗin rabin awa, ta ce idan na sake, ta sallame ni. Ko dai a ƙara awa ɗaya in riƙa zuwa da takwas, ko ka nemi wata mai ƙarfin da ya fi nawa."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya dubi ƙasa.

"Awa ta huɗu ba ni da kuɗinta, Inna. Wallahi ba ni da shi."

"To, babu komai. Ka yafe ni. Sai mu haƙura da juna."

Don-Me tana tsaye a bayan labule. Inna ba ta ambaci takalma ba, ba ta ambaci takardun Auta ba. Ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, kuma za ta tafi ke nan.

Don-Me ta fito da littafin a hannu.

"Baba, ba ƙarfin Inna ne ya ragu ba. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na hana mu kintsa. Mako biyu. Gwaji nake yi, in ga amfanin kintsawar."

Auta ya leƙo ta bayanta ya ce, "Kimiyya ce, Baba."

Baba ya karɓi littafin ya karanta da ƙarfi. "Tsince kaya a ɗakinmu, minti talatin. Tsince kaya a falo, minti ashirin." Ya rufe littafin a hankali. "Minti hamsin. Kusan awa guda. Kin san kuɗin awa guda? Shi ne kuɗin motar makarantarku, ke da Auta, na kwana biyu."

Inna ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Ashe gwaji ake yi da ni, ina ta zargin ƙafafuna."

"Inna, ki yi haƙuri. Ni dai so nake in san don me muke gyarawa kafin ki zo."

"Ai da kin tambaye ni, da ko sisi ba a kashe ba. Kintsawa daban, tsabtacewa daban. Takarda idan na gan ta a ƙasa, ban san ta jarabawa ce ko ta shara ba. Sai na ɗaga, na duba, na yi tunanin inda zan sa ta. Ke kuwa kin san mazaunin kowane abu naki. Abin da zai ci miki minti biyar, ni zai ci min ashirin. Kuma duk mintin da na yi a sunkuye ina tsince safa, daga banɗaki aka cire shi."

Ta ciro agogonta ta duba, ta yi salati.

Baba ya ce, "Hau babur in kai ki, kada ki makara. Inna, don Allah ki ba mu Asabar ɗaya. Idan awa uku ba ta isa ba, ba zan tsare ki ba."

"Ɗaya tak," in ji Inna.

Da Baba ya dawo, bai yi faɗa ba. Ya ce Don-Me ta kawo asusunta. Aka fasa, aka ware kuɗin rabin awar da aka yanke wa Inna. Kuɗin da take tarawa ne don sayen akwatin fenti. Abin da ya rage bai kai rabin kuɗin fentin ba. Ta haɗiye kukanta.

Sannan ya miƙa mata burushi.

"Banɗaki yana jiranki."

Ta durƙusa ta fara gogewa. Ta goge ƙasa, ta goge bango, ta goge bayan ƙofa. Gwiwoyinta suka yi ja. Hannunta ya yi sanyi, yatsun suka yamutse. Baba yana zuba mata ruwa da buta, Auta yana kwashe takardunsa yana ƙunƙuni. Abin da Inna take gamawa cikin rabin awa, sai da ya ci wa Don-Me awa ɗaya da kwata.

Ta zauna a bakin ƙofa tana haki. Can ta ce, "Baba, Mama fa? Awa nawa take yi a mako?"

Baba ya ajiye butar.

"Ban taɓa ƙirgawa ba," in ji shi. "Ko sau ɗaya. Da ma na ƙirga, da na ƙara yi mata godiya."

Ya zauna kusa da ita a ƙasa, suka yi wa Mama addu'a.

Ranar Litinin ta ba malamar kimiyya labari duka. Malama ta danne dariyarta ta ce, "Gwajinki ya fitar da amsa, ba shakka. Amma shi wake ba ya ciwon baya, kuma ba a yanke masa kuɗi. Idan gwaji zai taɓa mutum, sai an nemi izininsa tukuna."

Juma'a da yamma Don-Me ta zama sojan gida. Ta jera takalma. Ta shirya littattafai. Ta shiga ƙarƙashin gado ta fito da cokali biyu da murfin biro.

"Auta, wannan motar fa?"

"Fakin ta yi."

"Ta je ta yi fakin a kwali."

Asabar ta zo. Baba bai fita aiki ba. Inna ta shigo, ta dubi falo, ta dubi ɗakuna. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki farin tsumma. Don-Me ta zauna a kujera ta naɗe ƙafafu don kada ta tare hanya. Tambayoyi uku suka zo mata, ta haɗiye su. Idonta yana kan agogo.

Ƙarfe goma, an gama ɗakuna. Sha ɗaya saura kwata, an gama falo. Inna ta shiga kicin. Mai ya ɗiga a bayan murhu, ta daɗe tana kankarewa. Sha ɗaya da kwata ta shiga banɗaki.

Sha biyu saura kwata ta fito tana yarfe hannu.

"Na gama."

Auta ya yi tsalle. Don-Me ta miƙa mata kuɗin asusun da hannu biyu. Inna ta so ta ƙi, Baba ya ce haƙƙinta ne, ta karɓa.

"To Inna, za ki dawo?" in ji Don-Me.

"Idan haka zan riƙa tarar da gida, sai kun gaji da ni."

Baba ya ce ta zauna ta sha shayi da sauran mintocin. Inna ta ce, "A'a, maigida. Ka biya kuɗinsu. Miƙo min kujera, 'yar nan."

Ta hau ta wanke gilashin tagar falo, ciki da waje. Haske ya shigo har tsakiyar ɗaki. Auta ya ce ashe daga nan ana hango bishiyar maƙwabta.

Daga ranar Don-Me ta gane cewa lokacin mutum ba abin wasa ba ne. Da shi yake ciyar da iyalinsa, kuma wani ne ya yi gumi ya biya shi. Duk wanda ya zo taimakonka, ka rage masa wahala, kada ka ƙara masa. Tambaya kuwa ba ta daina ba. Amma yanzu da baki take yin ta, ga wanda ya san amsa.