Baƙon Sama Ba Ya Fara Sha

"Ba haka yake yi ba."

Wada ya sauke ƙwaryar daga bakinsa. A gindin gawon bayan lakwal, makarantar bokon garin Bande, suke gwajin wasan kwaikwayo, shi da 'yan samariya, ƙungiyar matasan gari, cikin bazarar 1976. Mai maganar tana tsaye a bakin darni da farar rigar masu taimakon ungozoma.

"Wa ne ba ya yi?" in ji shi.

"Baƙon Sama. Ba ya fara shan ruwa. Ko maƙogwaronsa zai tsage, sai wani ya sha ya rage masa."

Duk Bande an san Baƙon Sama. Malamin lakwal Ayuba, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko, shi ya ƙago shi shekarar da rediyo ya ce an taka wata. Mutum ne daga wani tauraro da ruwansa ya ƙare, jirginsa mai kama da akushi ya faɗo a gonar gyaɗa. Shekara uku ana wasan kashi-kashi, har Waca da Mallawa, kafin fari ya watsa 'yan wasan. Yanzu samariya za ta tayar da shi, wani mai kamara zai zo daga Damagaram ya ɗauke shi a fim. Wada yana kwaleji a Magariya lokacin tsohon wasan, kashi biyu kawai ya gani. Ya dawo da birebe, takardar gama kwaleji, aiki bai samu ba, sai noma. Aka ba shi rubutun, aka ba shi rigar Baƙo saboda tsawonsa.

"Ke wace ce?"

"Hinda. Ɗiyar wanda ya haife shi."

"Ashe ƙanwata ce ke."

Ta so ta yi dariya, ta danne. Ta miƙa hannu ga littafin da yake rubuta wasan a ciki. "Ba ni kayen nan in gani."

Ya ba ta. Ranar bai ƙara faɗin layi ɗaya daidai ba.

Bayan kwana biyu kayen ya dawo da gyare-gyare na jan bik, wato jan biro, da 'yar takarda a tsakiya.

"Shafi na huɗu: Baƙo ba ya ɗaga murya. Na bakwai: ba ya riƙe makami, ko da reza ce. Na tara ya yi daɗi, sau uku na karanta. Kada kanka ya kumbura. Hinda."

Ya amsa mata: "Alƙaliyata, na gyara huɗu da bakwai. Na ɓata na sha ɗaya da gangan, don kayen ya sake zuwa gidanku. Wada."

Haka kayen ya yi ta zirga-zirga har ruwan farko ya sauka. Wata la'asar, a ƙofar gidan su Hinda, Wada ya tambaye ta dalilin maganar ruwan.

"A tauraronsu shi ya shanye kurɓin ƙarshe," in ji ta. "Ƙanensa yana kwance kusa da shi. Ƙanen bai tashi ba. Shi ya sa. A da in yara suna faɗa kan fura, uwa cewa take, ku yi halin Baƙo."

"Me ya sa Mushe bai koma wasan ba?"

"Shekarar fari ya ga wani da ke tafa masa a dandali ya ture tsohuwa a bakin rijiya. Ya dawo ya ninke rigar."

Wada ya ɗago ya dube ta.

"Ni zan rage miki," ya ce.

"Me?"

"Kome."

Ta rufe fuska da mayafi. "Baƙona, kai maganarka kaɗan ce, amma nauyi gare ta."

Sai dai akwai Maikuɗi, sarkin samari, mai fatauci zuwa Kano. Shi ya nemo mai kamarar. Shi ma ya taɓa aikawa neman Hinda, ta ce a ba shi haƙuri. Ya zo gwaji da tocila a naɗe cikin gwangwani.

"Bindigar haske ke nan," ya ce. "Na shiga silima a Kano, na ga abin da ake so. Baƙo ya fizge ƙwarya ya shanye, ya jefar, ya harbe ɓarayin rijiya. Wa zai kalli ƙato yana rabon ruwa?"

"Ba halinsa ba ne," in ji Wada.

"Sabon zubi ne, ɗan boko. In ba ka yi, tuɓe rigar in sa."

Wada ya dubi rigar. In ta koma jikin Maikuɗi, shi ke nan. Ya karɓi tocilar.

Washegari Hinda ta biyo ta bayan lakwal, ta gan shi yana kwankwaɗar ruwa, bindiga a hannu. Ba ta tsaya ba. Kafin magariba Maikuɗi ya kai wa Mushe Ayuba labari cewa Wada ne ya rubuta haka. Da kawun Wada ya je gaisuwar neman auren Hinda da goro, goron ya dawo.

"Ba ni da faɗa da gidanku," Mushe ya gaya wa kawun. "Amma yaron da ya sauya halin mutum don a tafa masa, gobe nasa zai sauya. Ba zan ba shi ɗiyata ba."

Kayen ma ya dawo, babu jan bik ko ɗigo.

"Babu gyara. Ban san wannan mutumin ba. Hinda."

Wada ya fara dogon bayani, ya yaga. Kwana uku yana noma ba ya amsa gaisuwa sosai. A na huɗu ya rubuta: "Ranar Laraba da hantsi, a rijiya. Ki zo da Baba. Ko don ki tsane ni da hujja."

Laraba, ranar ɗaukar fim, garin ya fito. Mai kamara ya yi gargaɗi: zaren fim ɗinsa kaɗan ne, abin da aka ɗauka ya ɗauku, babu maimaici. Wada ya hango Mushe Ayuba zaune kan kujera a gefe, Hinda a bayansa, ba ta dubansa.

Ya Kaka, tsohuwar da ke fitowa mai jan ruwa tun wasan farko, ta miƙo masa ƙwarya.

"To, ɗan nan," ta raɗa. "Mu gani."

Zufa na zuba cikin rigar buhu. Da gaske yake jin ƙishi. Ya durƙusa ya ajiye bindigar a ƙasa. Ya karɓi ƙwaryar hannu biyu, ya juya, ya ratsa mutane.

"Kai! Ba haka ba ne!" Maikuɗi ya daka tsawa. "Tsayar da abin nan!"

Mai kamara bai ko waiwaya ba, ya bi Wada da ita.

Wada ya tsuguna gaban Mushe Ayuba. Muryarsa a ƙasa.

"A garinmu na taɓa fara sha."

Tsohon layin ne. Shekara huɗu ba a ji shi ba. Wata mata ta fara amsawa, sai dandalin duka ya ɗauka, kamar da: "Sha ka rage masa!"

Mushe ya karɓa. Ya kurɓa. Ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya mayar.

"Kafaɗarka ta yi sama da yawa," ya ce. "Baƙo a sunkuye yake tafiya." Ya share ido da bakin hula. "Ka ce wa kawunka ya dawo da goron nan."

Da aka watse, Hinda ta tare shi a bayan rijiya.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Da Maikuɗi ya ji, da ya karɓe rigar."

"Ni ce zan kai masa?"

"A'a." Ya sunkuya. "Na yi laifi, Alƙaliya."

"Ka yi. Hukuncinka, duk ranka sai ka riƙa magana da ni."

Bayan an ɗaure damman gero aka ɗaura aure. Maikuɗi ya zo, ya yi fatiha, ya ce har yanzu yana ganin da bindiga da ya fi.

Kwana uku da tarewa, Wada ya dawo daga gona da azahar. Hinda ta durƙusa ta miƙa masa moɗa.

"Fara," ya ce.

"Kai ka sha rana, Baƙona."

"Ke kika jawo shi."

Ya Kaka, da ta zo ganin ɗaki, ta tafa hannu. "Ku biyun nan ƙishi zai kashe ku da tulu cike! Amarya, kurɓa mu huta."

Hinda ta kurɓa kaɗan, tana kallonsa ta saman moɗar. Ta miƙa masa, ya shanye saura.

"Allah ya sa rijiyarku kada ta ƙafe," in ji tsohuwar. "Allah ya ba ku masu rage muku."

Suka ce amin tare.