Hoton Ƙarshe a Bayan Tankin Ruwa

Rana ta yi ja, mai hoto yana zaune a baranda da kyamarori biyu a gabansa. Aiki ya same shi mai tafiya da nisa. Babbar kyamararsa tana cikin jaka, saura ya zaɓi wadda za ta rufa masa asiri idan waccan ta ba shi kunya a hanya. Ɗaya mai batir ce, da kanta take auna haske. Ɗayar tsohuwa ce ta ƙarfe, sai an wana ta da yatsa, ba ruwanta da batir.

"Baba, ka ɗauki mai batir mana," in ji 'yarsa. "Wannan ai ta girme ni."

"Shi ya sa ta fi ki hankali, Uwata."

Da wasa ya faɗa, amma akwai fim a cikin tsohuwar tun kafin matarsa ta rasu. Marigayiyar, Allah ya ji ƙanta, matar mai hoto ce da ke gudun kyamara kamar ta ga maciji, rana ɗaya tak ta yarda ta zauna masa. Hotunan ranar ne a fim ɗin, shekaru ya kasa wanke shi. Yarinyar ba ta tuna fuskar uwarta, shi kuwa ya yi mata alkawarin za ta gani kafin ya tafi.

Saura hoto ɗaya fim ɗin ya cika, kuma mai hoto ba ya cire fim da saura. Ya waiga ya ga lungun bayan tankin ruwa, ba kowa. Ya fara gwada mai batir, ta mutu murus, alhali batirin sabo ne.

"Kin gani ko?" Ya ɗauki tsohuwar, ya saita, ya danna. Ƙyas.

Tsuntsayen da ke kan katanga suka yi tsit. Tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano, wata ta biyo ta.

Tun daga ranar, da magariba ta kawo jiki sai jifa. Wani lokaci a ji kukan jariri siriri daga cikin kabad ɗin da ya ajiye kyamarar. Yarinyar ta daina ci, ta daina tsokanarsa. Sai ta durƙusa gaban kabad tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin goyo. Tsoro ya kama shi sosai, ya fasa tafiya, ya je ya ɗauko Malam.

Malam ya zo da la'asar. Ya zauna ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta ɗago kai a hankali. Muryar da ta fito ta babbar mace ce.

"Ɗana nake nema."

"Me ya haɗa ɗanki da gidan nan?" in ji Malam.

"A bayan tanki yake wasa. Na kashe mai batir don na tsare shi. Wannan ta ƙarfe ba ta da abin da zan kashe. Ya kulle min ɗa a ciki."

"Bai san da ku ba. Me kike so ki bar yarinyar?"

"Ya buɗe bayan kyamarar, haske ya shiga."

Mai hoto ya gane abin da hakan ke nufi. Haske kan fim ɗin da ba a wanke ba, ai ƙonewa ce.

"Allah gafarta Malam, a roƙar min ita. Zan shiga ɗakin duhu na yanke na ƙarshen kawai."

"Ya rarrafa cikin sauran," in ji muryar. "Yana jikin matar da ke ciki, ita ke riƙe min shi. In ka wanke, ya daskare a takarda, ni kuma na zauna a jikin 'yarka."

Malam ya sa ta yi rantsuwa za su bar gidan, ba dawowa. Sannan ya dubi mai hoto.

Mai hoto ya fito da kyamarar tsakar gida, inda sauran rana ke kan katanga. Hawaye na zuba, ya ja maɓallin, murfin bayanta ya buɗe. Wata iska mai sanyi ta bi ta wuyan hannunsa ta wuce. Kukan ya yanke.

Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido. Ta ce yunwa take ji. Sai ta hango kyamarar a buɗe a hannunsa, fuskarta ta washe.

"Baba, ka cire? Yaushe zan ga Mama?"