Ƙusa Biyar a Hanyar Filinge

"Baba, kwanta. Kar ka ɗaga kai."

Maigadin magaza, ɗakin ajiyar hatsi, ya dubi bakin bindigar Yakuba, ya ajiye butarsa, ya kife a ƙasa. Ƙarfe ɗaya na rana, unguwar Bukoki ta yi tsit, zafi ya kora kowa inuwa. Yakuba shi ne shef, wato shugabansu. Ɗan'azumi ƙato ne, buhu biyu yake ɗauka a tashi ɗaya. Illo shofer, direbansu, yana cikin tsohuwar bashe, motar a-kori-kura.

Abin da suka zo kwasa dawar agaji ce da wani alhaji ya ɓoye yana jiran ta ƙara tsada. Shekarar babu ruwa, babu shuka, soja na mulki, kuma wanda aka kama da bindiga ya san sauran. Illo bai taɓa fashi ba. Innarsa da ƙanwarsa Ramatu suna ƙauye bayan Filinge, ganye suke dafawa. Buhu biyar aka yi masa alkawari, ya kuma aika musu cewa yau zai iso.

"Shef, ashirin ya isa," in ji Illo. "Motar ta zauna."

"Uwarka ce ta ƙera ta? Ɗan'azumi, ƙaro."

Sai da suka loda arba'in. Bashe ta tashi tana nishi, gindi a ƙasa, hanci a sama.

To, bari in faɗa muku wautar da aka tafka da safe, don har yau in na tuna sai haushi ya kama ni. Illo ya canza tayar baya, ya ga ƙusoshin sun yi tsatsa, ya shafe su da man gyaɗa, ya ɗaure noti daidai hannu. Ya tafi shan shayi. Yakuba, wanda bai yarda da kowa ba, ya zo ya zura bututu a kile, ƙarfen kwance taya, ya ƙara ɗaurewa. Shi ma ya tafi. Sai ga Ɗan'azumi, bai yarda da su biyun ba, ya hau kan bututun da ƙafa biyu yana tsalle. Noti mai maiƙo ba ya gardama, juyawa kawai yake, ƙusa kuwa tana miƙewa tana sirancewa. Babu wanda ya gaya wa wani.

Maigadi ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ruga wajen jandarma.

"Su nawa?" in ji Ajudan Mumuni, babbansu.

"Uku, ranka ya daɗe. Amma kar ka yi sauri. Yadda na ga motar nan, ko da jaki ka kamo su."

A kan guduro kuwa, hanyar kwalta, biki ake. Yakuba ya leƙo ta taga yana waƙa, Ɗan'azumi na bisa buhuna yana kiɗa da gindin bindiga. Har Illo ya fara dariya. Sai sitiyari ya soma rawa a hannunsa, wani ƙaf-ƙaf na tasowa daga baya.

"Shef, kana jin wannan?"

"Kiɗan Ɗan'azumi ne. Taka!"

Tas!

"Sun harbe mu!" Ɗan'azumi ya kwanta kan buhu, ya saki wuta cikin daji. Babu kowa a baya sai wata akuya.

Tas! Tas!

"Taka, Illo, taka!"

Ya taka. Ƙusa ta huɗu ta tafi, ta biyar ta bi ta. Sai ga wata taya ta zo ta gefen hagu, ta wuce su a guje, tana tsalle abinta.

"Wani ya yi asarar taya," in ji Yakuba yana ƙyaƙyatawa.

"Tamu ce, Shef."

Bashe ta durƙusa—ƙarfe ya ci kwalta—wuta ta yi tartsatsi—Ɗan'azumi ya tashi sama da buhu uku! Dawa ta malale a hanya, ja wur.

Gefen hanyar akwai bukkokin mutanen da yunwa ta koro daga arewa. Kafin ƙura ta kwanta, mata sun fito da ƙwarya, da zane, da murfin tukunya.

Jiniya ta taso daga nesa. Yakuba ya karɓe bindigar Ɗan'azumi, ya haɗa da tasa, ya jefa duka biyun kan kujerar shofer.

"Motarka ce, kayanka ne," ya ce, suka faɗa daji.

Da Illo ya so da ya gudu, ƙafarsa lafiya lau. Amma ya tsaya yana jan buhu gefe, yana roƙon matan. "Don Allah ku bar mini biyar. Biyar kawai."

A haka Ajudan Mumuni ya same shi. Ya tsuguna, ya tsinci guntun ƙusa da notinsa a jiki, ya shinshina.

"Man gyaɗa? Wane jaki ya ɗaure wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma daidai na ɗaure."

"Daidai? An ja ta kamar alewa."

Nan Illo ya gane, ya dubi dajin da abokansa suka shige.

An kamo su washegari, Ɗan'azumi na ɗingishi, suka rantse Illo ne shef. Ya sami shekara goma, su biyar-biyar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Ramatu. Kwana uku tana fitowa bakin hanya da tabarmar shanya, tana tsayar da kowace bashe tana tambayar yayanta.