Ƙofar da Baba Ya Rufe

"Karanta!"

Baba ne ya daka min tsawa, ya cusa min takarda a ƙirji, a gaban baƙi goma sha ɗaya da na jagoranto a kan kekuna tun daga garin Ennis.

Ruwa ake tsugawa. Ƙofar ƙarfen gonarmu, wadda ta nan kaɗai ake bi a isa kangon cocin Kilbrack, an ɗaure ta da sabuwar sarƙa da ƙaton kwaɗo.

"Baba, don Allah... mutane na kallo."

"Su kalla mana! Ai kallo ya kawo su. Na ce ki karanta, Dervla!"

Na warware takardar. Koke ne zuwa majalisar gunduma, ana neman a ƙwace hanyar da ta ratsa gonarmu a mayar da ita ta kowa, a faɗaɗa ta, a zuba kwalta, manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su riƙa shiga har bakin kangon. Mutum bakwai suka sa hannu.

Sunan farko shi ne Ultan Keane.

Ultan ɗina. Wanda zobensa ke yatsana, saura wata biyu a ɗaura mana aure.

A lokacin ya ƙaraso, don kullum shi ke zuwa ƙarshe da jakar kayan gyara, ko da wani zai yi faci a hanya. Ya jingine kekensa da katangar dutse yana share ruwa daga fuska.

"Zuciyata, lafiya? Me ya faru?"

Na ɗaga masa takardar.

"Hannunka ne wannan?"

Ya kalle ta, ya kalli Baba. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Hannuna ne... amma tsaya ki ji..."

"Kin ji da kunnenki!" in ji Baba. "Ɗan gidan Keane! Kan kabarin uwarki yake so motoci su riƙa zubar da mutane suna taka shi!"

Mamana tana kwance a cikin kangon nan, a gindin bangon gabas, shekara tara ke nan. Cocin ya fi shekara ɗari takwas, ba rufi, sai ciyawa da hankaki, amma a nan danginmu suke binne nasu. Duk Lahadi Baba yakan je da almakashi ya gyara ciyawar kabarinta, ya zauna yana ba ta labarin tumaki kamar tana ji.

Gidan Keane kuwa tun zamanin kakanni ba ma ga maciji da su, a kan wata katangar iyaka da kowa ke cewa ɗayan ne ya matsar. Ko a coci ba ma zama layi ɗaya.

Ni ban taɓa damuwa da wannan ba sai ranar da kacar kekena ta tsinke a kan tudu, kusa da wani tsohon kabarin duwatsu na mutanen da. Wani dogo mai jan gashi ya tsaya, ya durƙusa a cikin taɓo ya gyara min, yana tsokanata.

"Wannan keken ai ya girmi kabarin can. Ki kai shi gidan tarihi su ba ki lambar yabo."

Na yi dariya har na manta ko ɗan gidan waye.

Daga nan muka fara soyayya. Muka haɗa kekuna goma sha biyar, muna zagayawa da baƙi kwana shida shida, daga rusassun ganuwoyi zuwa dogayen hasumiyoyin da sufaye suka gina. Ni ke gaba ina ba da tarihi, shi yana baya yana gyara. Da rana mu zauna a gindin katanga mu ci burodi da cuku, mu sha shayi daga kofi ɗaya.

Nuala, mahaifiyarsa, ta ce ba za ta haɗa jini da masu taurin kai ba. Baba ya yi wata shida ba ya amsa gaisuwarsa. Amma a hankali ya sauko, har ya yarda a riƙa buɗe ƙofar sau biyu a mako, kekuna kawai.

Na ɗauka mun gama da wahala...

Ranar da Baba ya rufe ƙofar, ban ƙara cewa da Ultan komai ba. Na juya da baƙina zuwa otal ɗin ƙauye, na shige ɗakin girki na fashe da kuka a jikin Sorcha.

Sorcha ƙawata ce tun muna aji ɗaya a firamare, otal ɗin na mahaifinta ne. Ta rungume ni tana shafa min kai.

"Yi haƙuri, 'yar uwa. Ni dama tun farko jikina bai ba ni ba, amma na ga kin yi nisa."

"Ya ce in tsaya in ji, Sorcha. Ko akwai wani bayani?"

"Bayanin me? Bakinsa zuma ne, kin fi kowa sani. Kina ba shi kunne zai juya ki kamar taya. Ki tambaye shi abu ɗaya tak: ranar da ya gyara miki kaca, don ke ya tsaya ko don ƙofar?"

Washegari da hantsi ya zo gidanmu. Baba yana zaune a kicin, bai ko ɗago ba. Na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya.

"Masoyiyata, minti biyar kawai nake roƙo."

"Tambaya ɗaya gare ni. Ranar da ka gyara min kaca, ka san ko ni 'yar waye?"

"Na sani."

"Don ni ka tsaya, ko don ƙofar gonarmu?"

Ya sunkuyar da kai. Ultan bai iya ƙarya ba, ko ta wasa.

"A ranar... don ƙofar ne. Amma Dervla, ki tambayi Babanki, shi ya san..."

"Kada ka sake ka sa mahaifina a ciki!"

Na zare zoben, na jefa masa a ƙirji, na maido ƙofa da ƙarfi. Ina ji yana buga ta yana kiran sunana.

"Dervla! Baba Peadar, ka faɗa mata mana! Don Allah ka faɗa mata!"

Baba ya ci gaba da juya cokali a shayinsa.

Sau huɗu ya aiko wasiƙa, sau huɗu na ba Sorcha ta mayar masa ba tare da na buɗe ba. Na rufe lambarsa a wayata. Muka raba kekunan, ya ɗauki bakwai ya koma birnin Galway ya buɗe shagon gyara.

Ni kuma na ci gaba da zagayawa da baƙi ni kaɗai. Ina tsayawa a gaban hasumiya ina zuba tarihi ina murmushi, in wani ya yi faci in durƙusa in gyara da kaina. In na waiwaya baya na ga babu kowa a ƙarshen layi, sai in ce iska ce ta sa min hawaye.

Sorcha ta fara yawan zuwa Galway, wai sayayyar otal.

Bayan shekara ɗaya da wata biyu, a layin biyan kuɗi na kantin ƙauye, Nuala ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ba ki ji ba? Asabar za a ɗaura masa aure da Sorcha. Wannan karon dai ɗana ya samo 'yar mutunci."

Na ajiye kwandon sayayyar a ƙasa na fita.

Ban yi kuka ba. Na ce a raina mayaudari ya samu mayaudariya, su ƙarata.

Shekara guda bayan aurensu, da kaka, Baba ya faɗi a cikin garken tumaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti na dakatar da aiki, ni ke ɗaga shi, ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki.

Wata Lahadi da rana, bayan Fada, limamin cocinmu, ya zo ya yi masa addu'a ya tafi, ya riƙo hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Dervla... takardar nan."

"Wace takarda, Baba?"

"Ta yaron nan. Tsohuwa ce. Tun kafin ku fara ya sa hannu."

Na matso kusa da shi.

"Kafin ya nemi aurenki ya zo nan, ya zauna a kujerar can. Ya faɗa min komai da bakinsa. Ya nuna min wasiƙar da ya rubuta ya janye sunansa, har ya bi sauran shidan gida gida sai da suka janye. Ni na ce kada ya faɗa miki, na ce magana ta mutu. Ya bar min wasiƙar... na jefa ta a murhu."

"To wa ya kawo maka tsohuwar?"

"Sorcha. Ta yanke wajen kwanan watan. Ina gani na gane."

"Ka gane?! Ka gane, ka tsaya a gaban mutane ka..."

"Na ji yana maganar buɗe shago a Galway." Hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. "Uwarki ta tafi ta bar ni. In ke ma kika tafi, da wa zan zauna a gidan nan?"

Na zare hannuna daga nasa.

Da sassafe na kira maƙwabciyarmu ta zauna da shi, na hau keke. Awa uku da rabi ina tuƙi, iska na dukan fuskata, ban tsaya ko shan ruwa ba.

Na same shi a shagon, ya kifa wani keke yana ɗaure birki. Ya ƙara jiki, ya tara gemu. Da ya gan ni sai sifanar ta tsaya a hannunsa.

"Dervla."

"Baba ya faɗa min komai." Na matsa gabansa. "Ultan, ban sani ba... wallahi ban sani ba! Ka yafe min, zuciyata..."

"Kada ki kira ni haka."

A hankali ya faɗa, ba faɗa ba tsawa.

"Ka san wa ya kai masa takardar? Matarka ce! Sorcha ce ta yanke kwanan watan, ita ta..."

"Na sani."

"Ka sani?!"

"Wata uku da aurenmu ta faɗa min, tana kuka. Na bar gidan na yi mako biyu a shagon nan ina kwana a ƙasa."

"Kuma ka koma?"

"Na koma."

"Bayan abin da ta yi mana?!"

Ya ajiye sifanar, ya goge hannunsa da tsumma, sannan ya dube ni sosai.

"Abin da ta yi mugun abu ne, kuma ta sani. Amma Sorcha takarda kawai ta kai. Shekara biyu muna tare da ke, Dervla, kin san ni ciki da waje. Na tsaya a ƙofarku ina ihu kamar mahaukaci, na rubuta miki sau huɗu. Ko ɗaya ba ki buɗe ba. Kin yarda da kowa, ban da ni."

"Na ji zafi ne..."

"Ni ma na ji."

Ƙofar baya ta buɗe. Sorcha ce riƙe da kofin shayi, cikinta ya fito sosai, haihuwa yau ko gobe. Da ta gan ni kofin ya karkace, shayin ya zubo mata a hannu. Ni kuwa na nemi duk zagin da na tanado a hanya na rasa.

Ultan ya karɓi kofin, ya duba hannunta ko ta ƙone.

Wannan dubawar ce ta gama da ni.

"Ki gaida Baba Peadar," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Ki ce masa na ji ciwonsa, Allah ya ba shi lafiya. Ki ce ban riƙe shi ba."

A motar haya na dawo, kekena a ɗaure a baya.

Da yamma na shiga gida. Maƙwabciyar ta ce ya ƙi cin komai tun safe. Na ɗumama miyar dankali, na ja kujera gaban gadonsa, na sa masa tawul a wuya.

Yana ta bin fuskata da ido.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Ya... ya ce me?"

"Ya ce ya yafe maka."

Ya lumshe ido, ya sauke ajiyar zuciya.

"Ke fa, 'yata?"

Na ɗebo miyar, na hura ta, na kai bakinsa.

"Buɗe bakinka, Baba. Za ta huce."