Yarinyar da take gadin uwarta

A wani gari can da daɗewa, an yi wata yarinya da ta ƙi makaranta. Da an kaɗa ƙararrawa sai ta riƙe zanen uwarta gam.

Aka ba ta jiƙon sabara, ba ta tafi ba. Kawunta ya zane ta da tsumagiya, ba ta tafi ba.

Ran nan uwar tana mata kitso ta ce, "Auta, me kike tsoro?"

Yarinyar ta ce, "Inna, ran da Baba ya rasu ina aji. Na dawo na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. In na tafi, ke ma haka za ki yi mini."

Uwar ta ce, "Ba zan ce miki ba zan mutu ba. Amma gobe tare za mu."

Kwana uku uwar tana zama bakin tagar aji, kwana uku bakin ƙofar makaranta. Rana ta bakwai yarinyar ta tafi ita kaɗai, tana kuka. Da aka tashi ta sheƙo da gudu, ta tarar da uwar tana tankaɗe.

Uwar ta ce, "Ke, ina takalminki ɗaya?"