Tukunyar Iskata Tana Ƙasa

Rana ta yi ja muna shirin komawa Fotsudan, sai ƙarfen da muke kafe kwalekwale da shi ya ƙi fitowa. Ya maƙale a tsohon jirgin da ya nutse a ƙasanmu, inda muka wuni muna nuna wa baƙi kifi. Baƙin sun riga sun tafi a wani kwalekwalen. Saura ni da kawuna Adarob.

"Yanke igiyar, Ohaj," in ji shi, yana juye sauran jabana, gahawar garinmu, a kofi. Ƙamshin citta ya cika kwalekwalen.

"Haba Kawu, ƙarfe sabo fil? Minti biyar na ciro shi."

Ya rage murya. "Bayan la'asar ba a shiga jirgin nan. Masu gidan sun dawo."

"To in sun dawo sai in gaishe su."

"Bakinka ne zai kashe ka. Ungo igiya, ɗaura a ƙugu. In na ja, ka ja sau ɗaya, lafiya ke nan. Sau uku, in fizgo ka."

Ni dai taurin kai gadonmu ne. Na goya tukunyar iskar da na wuni da ita, ko allurar da ke nuna sauran iska ban duba ba, na faɗa ruwa.

Zurfin bai wuce gaba bakwai ba. Ƙarfen ya zurma ta wata ƙofa a bisan jirgin, cikin ɗakin kaya. Masu nutso na garinmu sukan ƙwanƙwasa bango da ƙotar wuƙa, su jira, kafin su shiga. Ni sauri nake. Na kutsa kai kawai.

Ciki duhu, sai ɗan hasken ƙofar. Ɗanɗanon tsatsa har cikin haƙorana. Na kama ƙarfen ina girgizawa.

Sai hasken ya ɗauke.

Na ɗaga kai. Kifin nan mai faɗi ne, mai wutsiya kamar bulala da ƙaya mai dafi. Na saba ganinsu kwance a yashi, amma ban taɓa ganin kamar wannan ba. Ya fi tabarmar sallar mutum uku. Ya kwanta a kan ƙofar ya rufe ta ruf. Na haska fitila, na ga farin cikinsa, bakinsa na motsi a hankali.

Wani kifin ya zo ya kwanta a kansa. Sai wani.

Na duba allura. Tana cikin ja.

Na ja igiya sau uku. Shiru. Na sake ja, sai ta taho hannuna sako-sako. Ba sama ta nufa ba. Cikin duhun jirgin ta miƙe.

Daga can aka ja. Sau ɗaya.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na riƙe numfashi don in saurara. Kumfata ta tsaya.

Numfashin bai tsaya ba.

Wani na shaƙa, yana fitarwa, daf da kunnena na hagu. Hannu mai sanyi ya dafa tukunyar da ke bayana. Ba fizga ya yi ba. Roƙo ne.

Na kwance igiyar. Na zuƙi iska sau ɗaya, na cire tukunyar, na saki. Ba ta faɗi ƙasa ba. An karɓa.

Na ƙwanƙwasa bango da wuƙa, ina sallama a zuci.

Gefen kifin ya ɗaga, daidai faɗin kafaɗa. Na bi ta ƙarƙashin wutsiyarsa, ƙayar ta shafi wuyana. Na yi sama ina fesar da iskar ƙirjina, idona na ganin taurari.

Kawu ya cafko gashina ya jefa ni ciki. Ina aman ruwa na ce, "Sau uku na ja! Me ya hana ka?"

Ya nuna igiyar. Cikin raɗa ya ce, "Ɗan nan, duk jan da na yi, sau ɗaya aka amsa mini. Yanzun nan ma an amsa."

Ya sa wuƙa ya datse ta.

Ban sake nutso ba. Injin kwalekwale nake gyarawa a bakin tasha, kuma ba na tsayawa gardama da tsofaffi. Iskar da na bari a tukunyar nan ba ta kai ta minti biyu ba. Shekara huɗu ke nan, masunta na cewa duk magariba kumfa na tashi a wurin, a hankali, shaƙa da fitarwa.