Faifan Umma

Ranar da Auta ta fara shiga shagon kayan sauti, 'yar na'urar sauraron sidi ta je nema, irin wadda ake sawa a aljihu. Tsohuwar ta Baba ta mutu murus, shi kuwa ba ya iya karyawa da safe sai ya ji muryar matarsa. Shekara uku da rasuwar Umma, abin da ya rage na muryarta faifai ɗaya ne tak, tana ɗinki tana 'yar waƙa, tana yi wa Baba tsiya.

Saurayin da ke bayan kantar shagon, wanda kowa ke kira Mai Gyara, ya jero mata guda huɗu. Ta nuna wata ja mai sheƙi.

"Wannan kyan banza ne, ƙanwata. Kawo faifan ki gani."

Ya sa faifan, ya miƙa mata abin sauraro na kunne ɗaya, ya sa ɗayan a nasa kunnen, sannan ya kama girgiza na'urar kamar kwalbar magani. Muryar ta sarƙe, ta yi tsalle. Ya ɗauko wata baƙa mummuna, ya mayar da faifan cikinta, ya girgiza ta har hularsa ta karkace. Umma ta ci gaba da waƙarta ko gezau.

"Haka nake yi wa kowace kafin ta bar shagon nan," in ji shi. "Wannan ko gudu Baba ya yi ba za ta katse masa ba. Muryar wa ce haka mai daɗi?"

"Ummata. Ta rasu."

Ya bar girgizar, ya ajiye na'urar a hankali da hannu biyu. Wannan ajiyewar ce ta shiga zuciyar Auta.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wayarta: "Injiniyanki ne. Na'ura lafiya? Mai na'urar fa? Ita ce ban samu na gwada ba."

Ta amsa: "Kar ka kuskura ka girgiza ni. Ni ba na jurewa."

Wata huɗu suna haka. Yana kiranta Autata, tana kiransa Injiniya. Har ya je ya gaida Baba, Baba ya ce yaron yana da natsuwa. Sai Injiniya ya lura faifan ya fara karcewa, ya ce ta kawo ya goge shi ya kwafa musu biyu. Ta ɗauko ba tare da ta faɗa wa Baba ba, don ta ba shi mamaki.

Ya goge shi tas, ya sa a wata sabuwar na'ura ya gwada. Yana cikin haka wani direban babbar mota ya shigo a gurguje, yana son wadda ba ta tsalle a kan gargada. Injiniya ya girgiza masa wadda ke hannunsa, ya rufe, ya sa a kwali. Sai da direban ya yi nisa ya ga gidan faifan a kan tebur, fanko.

Da Auta ta faɗa wa Baba, bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya zauna da baƙar na'urar a cinyarsa yana buɗe murfin yana rufewa.

"Sau biyu ke nan na rasa ta," ya ce. "Yaron nan kar ya sake taka min ƙofa."

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Tana jin haushin Injiniya, tana jin haushin kanta, kuma abin da ya fi ƙona mata rai, har yanzu tana son sa. Baba ya rame. Shayin safe ya riƙa hucewa a gabansa. Ɗan wani abokinsa ya fara sintiri a gidan yana neman Auta, har ya kawo ƙatuwar rediyo mai fitilu kala-kala. Baba ya yi godiya, aka ajiye ta a kan kabad ba wanda ya kunna.

Saƙo ɗaya Injiniya ya turo: "Autata, ba zan ce ki yafe min ba, ban kai nan ba. Ban san sunan direban ba, amma na san fuskarsa. Ba za ki sake ji na ba sai da faifan a hannuna."

Ba ta amsa ba. Amma ta karanta shi ya fi sau ɗari.

Wata bakwai yana bin tashoshin manyan motoci duk ranar hutunsa, yana leƙa fuskokin direbobi, har suka fara yi masa kallon mai taɓin hankali. Auta ta ji labari wurin ƙawarta, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Wata safiya aka yi sallama. Injiniya ne, ya yi baƙi ya rame, tare da wani dattijo mai furfura.

"Alhaji, ni ne direban," in ji dattijon. "Na so in jefar da faifan, sai na ji baiwar Allah tana cewa, 'Malam, shayinka zai huce.' Ni ba mai ce min haka. Wallahi ita ta riƙa raka ni hanya. Ga amanarka."

Baba ya sa faifan a baƙar na'urar. Ya lumshe ido, hawaye na bin gemunsa. Injiniya ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, yana shirin tashi ya tafi. Auta ta riƙe labule tana leƙen su.

Baba ya buɗe ido. Ya zare abin kunne ɗaya, ya miƙa masa.

"Matso, ɗana. Zo ka gaida surukarka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zaman da ko an girgiza shi ba zai katse ba. Faifan yanzu kwafi biyar ne, ɗaya yana cikin babbar mota a kan hanya.